Sunan da Na Goge a Shafi na Arba'in

Goggona ce ta tsayar da ni. Shekara uku ke nan idonta ya yi rauni, yanar ido ta rufe na hagun, na daman ma sai a hankali. Don haka duk ranar Juma'a bayan la'asar nakan shiga cikin birni in karanta mata abin da na rubuta a makon. Ba ta yi boko ba, amma ta yi saukar Alƙur'ani tun tana budurwa, kuma har yau ban haɗu da mai kunne irin nata ba. Takan zauna a kan tabarma da carbi a hannu, ta kashe rediyonta ta ture shi gefe, ni kuma in buɗe takarduna in fara.

Ran nan na kai wurin da na fi ji da shi a littafin. Wani saurayi ne ya bar gida ya tafi Ikko neman kuɗi, shekara bakwai ba wasiƙa ba sallahu, kwatsam sai ga shi ya yi sallama da yamma. Na rubuta cewa mahaifiyarsa ta saki abin da ke hannunta, ta ƙwala masa kira da sunansa, ta rugo ta rungume shi tana kuka tana faɗin irin kewarsa da ta yi. Ni kaina lokacin da nake rubuta wurin sai da na share ƙwalla.

"Dakata," in ji Goggo. "Ba kin ce shi ne na farinta ba?"

Na ce shi ne.

"Kuma a nan Kano ake labarin? Zamanin Gawon?"

Na ce ƙwarai.

"To wannan ba uwarsa ba ce. Sai dai ko kishiyar uwa mai neman suna a wurin maigida."

Raina bai so ba, don na sha wahala a kan shafin. Na ce to Goggo, mace ta shekara bakwai ba ta ga ɗanta ba, me za ta yi? Ta ɗan ja carbinta kafin ta amsa.

"Me take yi da ya shigo?"

Na ce tankaɗe.

"To tankaɗenta za ta ci gaba da yi. Za ta amsa sallamar kamar almajiri ne ya leƙo. Ba za ta ɗago ba. Sai ta ce da ƙanwarsa, ke ba ki ga an yi baƙo ba, shimfiɗa masa tabarma ki kawo ruwa. In ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce an sha hanya. Shi ke nan."

Na ce to ina murnar take?

"Ki dubi rariyar mana. Garin ya ƙare tun ɗazu, amma ba ta daina kaɗawa ba. Daren nan kuma sau biyu za ta zuba wa miya gishiri, kowa ya ci ya yi shiru, don duk gidan an san dalili."

Na koma gida na yage shafi biyu da rabi, na mayar da su layi tara. Duk wanda na karanta wa layukan nan tara tun daga ranar, sai na ga ya yi shiru a daidai wurin rariyar. Na farkon kuwa, mai runguma da kuka, ba wanda ya taɓa motsawa sai ni da na rubuta shi.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne inda na samo rungumar. A gidanmu ban taɓa ganinta ba. Innarmu har ta koma ga Allah ban ji sunan Yayanmu a bakinta ba, "yaron nan" take cewa, ko "wannan", alhali yana da mata da 'ya'ya huɗu. Babanmu ma ba ta kiran sunansa, Malam ne, kuma ƙanena da aka sa wa sunan kakanmu Abba ake ce masa har ya girma. Duk na san wannan, a cikinsa na tashi. Amma da na ɗauki biro sai hannuna ya tafi ga abin da idona ya saba gani a fim ɗin Indiya da aka fassara, ya tsallake abin da kunnena ya sha ji a tsakar gida. Ina jin wannan ita ce babbar cutar da ke cin ƙagaggun labaranmu a yanzu, kuma na fara ganinta ne a rubutuna kafin in gan ta a na kowa. Muna rubuta mutanen da sunayensu Hausawa ne, tufafinsu na Hausawa, amma bakinsu aro ne.

Ga mai rubuta labari da Hausa, kunya da kara da kawaici dukiya ce. Wasu abokan rubutu suna ganinsu kamar shinge, wai ta yaya za ka nuna soyayya ko baƙin ciki in mutanenka ba za su buɗi baki su faɗa ba. Ni kuwa a wurina shingen ne yake sa ruwa ya yi ƙarfi. In uwa ba za ta iya faɗa ba, dole abin ya nemi wata kafa ya fita. Zai fita ta hannu, ko ta abinci, ko ta faɗan da za a yi wa ƙaramar yarinya da ba ta yi laifin komai ba. Aikin marubuci shi ne ya gano kafar. Kuma al'adar da ta rufe bakin uwa ita ce ta buɗe na kaka. A sabon rubutun na shigo da tsohuwar gidan, tana dogara sanda tana cewa, "Kai, mijin nan nawa ya dawo, kuma da ganin ƙafarsa ko sisi bai kawo ba, na fasa auren!" Kowa ya kwashe da dariya, uwar ma ta samu inda za ta ɓoye fuskarta. Haka abokan wasa suke, taubashi da taubashiya, Bakano da Bazazzage, Bafillace da Babarbare. Mai wayo in yana da maganar da ta fi ƙarfin bakin kowa a labarinsa, sai ya miƙa wa abokin wasa.

Ko nahawunmu ma yana taya mu. Ku duba ɗan ƙaramin "an" ɗin nan. Miji ya shigo ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Matar tana iya cewa "Sannu da zuwa." Tana iya cewa "Ka dawo?" Tana kuma iya cewa "An dawo?" Duk Bahaushen da ya ji na ukun ya san yau akwai magana a ɗakin nan, ba sai marubuci ya ƙara da cewa ta faɗa cikin fushi tana hararar sa ba. Amma "an" ɗin nan dai shi ne na bakin uwar da ta ce "an sha hanya", kuma a can ƙauna ce tsagwaronta. Kalma ɗaya, tana iya zama mari tana iya zama lallashi, ya danganta da wa ya faɗa wa wa. Ban san wani abu da ya fi wannan daɗi a sana'ar nan ba.

Gaisuwa ma haka. Wata ƙawata da take duba mini rubutu takan ja layi a kan duk inda na sa "ina kwana, ina gajiya, ya iyali", ta ce ɓata takarda ne. Sau da yawa gaskiyarta ne, nakan cire. Amma akwai inda ba na yarda. Ku ɗauki zuwa biko. Mata ta yi yaji, kawun mijin da wani dattijon unguwa sun zo gidan iyayenta. Za a zauna a zaure, a gaisa, a sake gaisawa, a tambayi damina, a tambayi jikin wane, a yi zancen tsadar taki, kowa ya san abin da ya kawo su kuma ba mai taɓa shi. Sai can wani ya gyara murya ya ce, "To, dama kan maganar yaran nan ne." In ka datse gaisuwar ka kashe wurin, domin tsawonta shi ne ma'aunin nauyin laifin. Haka kuma in aka ce wa mutum "ina kwana" ya ce "lafiya" ya tsaya nan, ba "lau" ba "ƙalau", bai mayar da tambaya ba, to an riga an yi rabin faɗan.

Da na waiwaya, duk abin da na taɓa so a karatu ta kunne ya shige ni. Farkonsa tatsuniya ce a ɗakin kakarmu bayan sallar isha, da "ga ta nan ga ta nanku" da mu amsa "ta zo mu ji ta". Ba ta taɓa ce mana Gizo maƙaryaci ne ko mayaudari ba. Murya kawai take sauyawa, ta yi tsamin bakin nan nasa, sarki ya koma "shayki", sai mu fara dariya tun kafin ya ƙulla tsiyarsa. Ƙoƙi kuma da tata muryar, a sanyaye. Tsohuwar da ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba ta riga ta koya mini cewa ana gane mutum a labari ta yadda yake magana, na manta, sai da Goggo ta tuna mini bayan shekara talatin.

Daga nan sai firamare, da Magana Jari Ce. Kwafin gidanmu ba bango, shafukan farko sun tafi, don haka na daɗe ban san dalilin da ya sa aku yake ta zuba wa ɗan sarki labari dare bayan dare ba. Sai daga baya na gane riƙe shi yake yi da zance don kada ya fita. Da na girma na bi tarihin abin. A 1933 ne Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. A lokacin malamai waƙa suka sani, ta wa'azi da ta ilimi, da ajami suke rubuta ta, ƙagen labari kuwa ana ganinsa abin mata da yara ne. Littattafai biyar suka fito daga gasar, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda shekarunsa ashirin da biyu kacal a lokacin, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Magana Jari Ce ta biyo baya a 1937, kafin Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. An sha faɗar cewa da yawan labaran da ke ciki daga littattafan Larabawa da na wasu ƙasashe ya ɗauko su, kuma haka ne. Abin da ya sa wannan bai taɓa rage masa daraja a idona ba shi ne bakin mutanensa. Ka rufe sunan mai magana da yatsa, za ka gane bafade ne ko alƙali ko baƙauyen da ya shigo birni yau. Ya ari ƙashin labari, amma muryoyin a fada da kasuwa ya tsince su. Mu kuma yau sau da yawa akasin haka muke yi, labarin namu ne, muryar ce ta aro.

Sai kuma littattafan soyayya, waɗanda ba zan taɓa yarda a raina su a gabana ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 marubuta a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, sirara, kashi na ɗaya da na biyu da na uku, ana sayarwa a wajajen Bata da kasuwar Sabon Gari. A unguwarmu akwai mai ba da haya, kwana ɗaya ake ba ka, don haka mukan haɗu mu huɗu mu biya, ɗaya ta karanta a bayyane sauran suna tsifar kai. Masana suka laƙaba musu "adabin kasuwar Kano", aka yi ta muhawara a jaridu ko adabi ne ko shirme. Akwai shirme a ciki, ba musu, akwai jaruman da kyansu ke cin shafi uku da motocin da ba a taɓa gani a Kano ba. Amma a cikinsu ne na fara ganin an rubuta auren dole da sakin wulaƙanci da zaman kishi daga bakin wadda abin ya faɗa wa. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tun tana ƙanƙanuwa, ba daga littafin kowa ta koyi yadda uwar miji take magana ba. In matan nan suka rubuta habaici tsakanin kishiyoyi, sai ka ji kamar kana leƙe ta katanga. Mace ta kama ɗanta tana yi masa faɗa da ƙarfi, "ba na hana ka kwaɗayin abin mutane ba", alhali yaron bai taɓa komai ba, saƙon na mai ɗakin can ne. Iyayenmu da waƙar daka da ta niƙa suke aika irin wannan saƙon, taɓarya tana sauka magana tana isa.

Yanzu ina yawo da ƙaramin littafi a jaka. Ba tsarin labari nake rubutawa a ciki ba, maganganun mutane ne kawai. A Adaidaita Sahu na ji wata tana waya, sau uku tana cewa "to ai shi ke nan, Allah ya ba da sa'a", kowanne ya fi na baya sanyi, har mai tuƙin ya rage sautin waƙarsa. A layin ganin likita wani tsoho ya ce da matarsa, "Hajiya, a daure a sha kunun nan mana," ya riƙe mata kofin yana kallon wani wajen don kada a ga shi ne ya riƙe. Wanda ya fi tsaya mini shi ne na gidan makoki. Matar mamacin ba ta yi kuka ba duk yinin, tana ta amsa gaisuwa, sai can da yamma ta dubi bakin ƙofa ta ce, "Ko takalmin da ya saya da sallah bai tsufa ba." Na shekara ina neman labarin da zai iya ɗaukar wannan jimlar, har yau ban samu wanda ya kai ba.

Karin harshe kuwa kamar yaji ne, kaɗan ya isa. In na shigo da Basakkwace ba sai na juya kowace kalma ba, ya ce "wanga" da "mi" sau biyu, mai karatu zai ci gaba da jin sa da kansa. Baƙuwa daga Maraɗi ta ce ɗiyarta tana lakwal, an riga an san ta inda ta tsallako.

Na san abin da ƙannena za su ce, don sun sha faɗa mini. Za su ce Anti, duniya ta canza, yanzu uwaye suna kiran sunan 'ya'yan farinsu, suna rungumarsu a filin jirgi, ana cewa Momi da Dadi, mata da miji suna kiran juna da sunayen da kakanninmu ba su taɓa ji ba. Gaskiya ne, kuma ni ma 'yata ta fari da sunanta nake kiran ta. Wanda zai rubuta gidan ma'aikaci a Abuja a bana, ya rubuta su yadda suke, da Ingausarsu da komai, in ya sa musu bakin Goggo ya yi ƙarya. Kukana shi ne a ce kowa a littafi bakinsa ɗaya, mai gadi da maigida, tsohuwar ƙauye da 'yar jami'a. Canjin nan da ake magana ma ai shi ne labarin. Amarya 'yar boko ta kira mijinta da gatsal ɗin sunansa a gaban uwarsa, uwar ta ajiye cokali ba ta ce komai ba. Wannan kaɗai ya isa babi guda. Amma ba mai iya rubuta shi sai wanda ya san me ya sa aka ajiye cokalin.

Abin da ke hana mu jin irin wannan, a ganina, gaggawa ce. Yawancin labaranmu yanzu a waya ake rubuta su, a watsa a WhatsApp ko Wattpad shafi-shafi, masu karatu suna jiran na gobe tun kafin na yau ya huce. Na taɓa gwadawa na wata biyu. Akwai daɗi, don kana jin numfashin mai karatu a wuyanka, amma ba ka da damar komawa baya ka yage shafi biyu da rabi. Abin da ya fara zuwa hannu shi ake turawa, kuma abin da yake fara zuwa kusan kullum na aro ne, na gidan sai an tona. Shi ya sa na fi karkata ga gajeren labari a 'yan shekarun nan, kuma na ji daɗi da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016, ko ba komai ta sa da yawanmu mun koyi zama a kan shafi huɗu muna aske su har su yi kaifi. Ni dai dokar da na ɗora wa kaina guda ce: ba na sakin komai sai na karanta shi a bayyane a gaban wani. Takarda tana haƙuri da ƙarya, amma da zarar ka furta jimlar da ba mai faɗar ta a duniya, harshenka ne zai fara sarƙewa.

Littafin nan na saurayin Ikko na kusa gama shi. A shafi na arba'in na sabon rubutun ya kwanta ciwo, har an fara fid da rai. Na shirya wurin da kyau, ina ganin na koyi darasi. Duk littafin uwar ba ta kira sunansa ba, sai a nan, cikin dare, ƙanwarsa ta farka ta ji ta a kan sallaya tana roƙon Allah, ta ambaci sunan sau ɗaya tak. Na ce a raina wannan kam Goggo za ta yarda, ai ba da mutum take magana ba.

Juma'ar da ta wuce na karanta mata. Ba ta ce dakata ba, ta bar ni na kai ƙarshe. Ta daɗe ba ta yi magana ba, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Na san ta rasa nata na farin yana ɗan shekara tara, a wata annobar ƙyanda tun ba a haife ni ba, amma ban taɓa jin ta ɗauko zancen ba, sunansa ma a bakin Babanmu na ji shi.

"Kwana shida na yi a kan sallaya," ta ce. "Ban faɗa ba. Yaron nan nake cewa. Ai ya san wanda nake nufi."

Aka kira magariba a masallacin unguwa. Ta lalubi butarta, na miƙa mata. Kafin in tashi na zaro biro na soke sunan, na rubuta "yaron nan" a samansa.